Injin Kwashe Dusar Ƙanƙara: Yadda Ake Kwatanta Inji Da Inji Kafin A Saya

Na san abin da wani zai ce da ganin kan wannan darasi: mu da ko ƙanƙarar sama sai jefi-jefi da damina, me ya haɗa mu da injin kwashe dusar ƙanƙara? To, da gangan na zaɓe shi. Inji ne da kusan babu wanda ya taɓa saya a cikinmu, saboda haka ba wanda zai shigo da son rai ya ce “ai na kamfanin wane ya fi”. Dole mu koma ga takardar bayanin injin, mu karanta lambobin da ke jikinta, mu tambayi kowace lamba abin da take nufi. Wannan kuwa aiki ne da ke jiran duk ɗalibin sashen injiniya, ko a furojet, ko ranar da oga zai ajiye masa takardu uku a tebur ya ce zaɓi ɗaya. Sannan ga 'yan'uwanmu masu shirin ƙaro karatu a Kanada ko arewacin Amurka, inda wannan inji yake kayan gida kamar yadda janareta yake a nan.

A can ba abin wasa ba ne. A birnin Kalgari, doka ta ba mai gida awa 24 bayan dusa ta daina zuba ya share hanyar ƙafa da ke gaban gidansa, in ba haka ba ya sha tara. Inji mai ɗan ƙarfi kuma farashinsa ya kan haura dala 1,000. Wanda ya zaɓi wanda bai dace ba, ko dai ya yi asarar kuɗi a kan ƙarfin da ba zai taɓa amfani da shi ba, ko ya wayi gari da inji a gareji da shebur a hannu.

Tarihinsa gajere ne. Wani mutumin Kebek mai suna Arthur Sicard ne ya haɗa na farko mai aiki a 1925, bayan ya lura da yadda injin sussukar hatsi ke aiki, ya kuma sayar wa garin Outremont da ke yankin Montiriyal a 1927. Nasa babba ne, a jikin mota. Ƙanana na turawa da hannu sun fito a farkon shekarun 1950 daga kamfanin Toro, Ariens kuma ya shigo kasuwar a 1960.

Fara da dusar, ba da injin ba

Kuskuren da mai saye ya fi yi shi ne ya fara da tambayar “cc nawa ne?” Tambayar farko ita ce: me za a kwashe, nawa ne nauyinsa, kuma daga kan me?

Dusar ƙanƙara ba iri ɗaya ba ce. Wadda ta zuba cikin tsananin sanyi busasshiya ce, kamar gari, mita kubik ɗaya ba ta wuce kilo 50 zuwa 100. Wadda ta zuba lokacin da awon sanyi ke kusa da sifiri jiƙaƙƙiya ce, tana iya kai kilo 300 ko fiye. Ka tuna ruwa kilo 1,000 ne. Shi ya sa adadin santimita kaɗai ba ya gaya maka komai. Winifeg na samun ɗan sama da mita 1 a shekara, galibi busasshiya. Montiriyal kimanin mita 2. Sen Jons da ke bakin teku a Niyufanlan tana haura mita 3, kuma da yawanta mai nauyi ce. Mutum uku a waɗannan birane uku, ko da filin gidajensu daidai yake, ba inji ɗaya za su saya ba.

Mu yi lissafi. A ce hanyar shigar mota gida tana da faɗin mita 6, tsawon mita 15, wato murabba'in mita 90. Dusa ta zuba santimita 20. Ka samu mita kubik 18. In busasshiya ce mai kilo 100, tan 1.8 za ka kwashe. In jiƙaƙƙiya ce mai kilo 300, tan 5.4 ne. Fili ɗaya, zurfi ɗaya, amma aikin ya ninka sau uku. Riƙe waɗannan lambobi biyu, za mu dawo kansu.

Akwai kuma wurin da ya fi ko'ina wahala: bakin ƙofa. Motar hukuma da ke share titi tana ture dusar gefe, ta bar tudu a bakin hanyar kowane gida, dandanne, gauraye da gishirin da ake watsawa a titi, wani lokaci har ya daskare. Wannan tudu shi ne jarrabawar injin. Injin da ya share filin gida tas amma ya kasa wannan tudu bai fitar da motarka ba.

Mataki ɗaya, biyu ko uku

Inji mai mataki ɗaya yana da abu guda a gaba mai juyawa da sauri, da fukafukan roba, shi ke ɗebo dusar shi ke kuma wurga ta. Robar tana taɓa ƙasa, don haka yana share siminti da kwalta har ƙasa, yana kuma ɗan jan kansa gaba. Faɗinsa inci 18 zuwa 22, ba shi da nauyi, mutum ɗaya zai juya shi a lungu. Ga dusar da ba ta wuce santimita 20 ba a kan shimfiɗaɗɗen siminti, ya wadatar. Amma kada a kai shi kan tsakuwa. Duk abin da ya taɓa zai wurga, har da dutse, kuma gilashin motar maƙwabci bai san uzuri ba.

Mai mataki biyu ya raba aikin gida biyu. A gaba akwai ƙarfe mai murɗi, irin wanda ke tura kaya a cikin injin markaɗe, yana juyawa a hankali yana karya dusar yana tara ta tsakiya. A bayansa akwai farfela mai gudu, ita ke harba ta ta bututun sama. Murɗin ba ya taɓa ƙasa: akwai wasu takalman ƙarfe ko roba a gefe biyu da ake ɗagawa ko saukewa, saboda haka ana iya aiki da shi a kan tsakuwa. Tayoyinsa injin ke ja, galibi giya shida gaba, biyu baya. Faɗi daga inci 24 zuwa 30 ko fiye, tsayin baki wajen rabin mita. Nauyinsa kuwa ya kan kai kilo 100, abin da ya kamata mai ƙaramin gareji ko mai ciwon baya ya sa a lissafi.

Mai mataki uku ya ƙara wani ɗan murɗi a tsakiya mai saurin juyi da ke cusa wa farfela kaya. Yana taimakawa a kan dandannen tudu. Ni dai a ganina lambar “uku” ta fi yi wa mai talla aiki fiye da mai saye, domin mai mataki biyu da ke da babbar farfela da isasshen inji ba ya jin kunya a gabansa.

Faɗi: lambar da ta fi ruɗar mutane

A shago, ido faɗi yake fara gani. Mu gwada shi a filinmu mai faɗin mita 6. Inji mai inci 24 santimita 61 ne, amma kowane zuwa sai ka ɗan hau kan layin baya, a ce santimita 55 kake ci. Zuwa 11 ke nan. Mai inci 30 santimita 76 ne, a ce kana cin 70, zuwa 9. Bambancin zuwa biyu ne, mita 30. A tafiyar kilomita 2 a awa, bai cika minti ɗaya ba. Ka ga abin da ƙarin ɗaruruwan daloli ya saya maka.

Abin da ya fi muni, in an ƙara faɗi ba a ƙara inji ba, an ƙara wa injin kaya ne kawai. Hanya mai sauƙi ta kama wannan ita ce raba cc da inci. Inji mai cc 208 a kan inci 24 yana ba kowane inci cc 8.7. Cc 208 ɗin nan a kan inci 26 ya koma 8. Mai cc 306 a kan inci 24 kuwa ya kusa 13. A cikin jiƙaƙƙiyar dusa na ukun nan ne zai riga gamawa, duk da bai fi na farko faɗi ba.

Ga dalili a lissafe. Abin da ke shiga injin a kowace daƙiƙa shi ne faɗi sau zurfi sau saurin tafiya sau nauyin dusar. Da faɗin mita 0.61, zurfin 0.20 da saurin mita 0.56 a daƙiƙa, busasshiyar dusa tana ba ka kusan kilo 6.8 a daƙiƙa, wato tan 24 a awa. Jiƙaƙƙiyar tana ba ka kilo 20, tan 73 a awa. Yanzu mu ɗauka farfelar inci 12 ce, tana juyi 1,200 a minti. Bakin fukafukinta yana gudun kusan mita 19 a daƙiƙa. Ƙarfin da ake buƙata don ba dusar wannan gudu shi ne rabin nauyin da ke wucewa a daƙiƙa sau gudun sau gudun, darasin da duk ɗan ND 1 ya yi. Busasshiya: wajen kilowat 1.2. Jiƙaƙƙiya: wajen 3.7. Inji mai kimanin cc 200, irin Honda GX200 da muka sani a jikin injin ban-ruwa, ɗan sama da kilowat 4 yake bayarwa a juyi 3,600. Kuma ba mu cire abin da bel, giyabos, murɗi da tayoyi ke ci ba. Ashe a jiƙaƙƙiyar dusa injin ya riga ya kai maƙura. Mai shi ba shi da zaɓi sai ya rage giya ko ya riƙa cin rabin faɗin. To ina amfanin faɗin da ya biya?

Saboda haka in takardar ta rubuta tan nawa injin ke kwashewa a awa, wannan lamba ta fi faɗi faɗin gaskiya. Sai dai a tambaya da wace irin dusa aka auna, domin ba kowane kamfani ke faɗa ba.

Cc, ƙarfin doki da ƙarfin juyi

Cc girman cikin silinda ne, ba ƙarfi ba. Yana ba da haske, kuma yana da wuyar yi wa ƙarya, shi ya sa muka yi amfani da shi a sama. Ƙarfin doki kuwa ya ɓace daga jikin yawancin ƙananan injuna a Amurka bayan wata ƙara da aka shigar kan zargin kumbura ƙarfin injunan yankan ciyawa, wadda aka sasanta a 2010. Kamfanoni da dama suka koma rubuta cc da ƙarfin juyi.

Ko a nan akwai tarko. Akwai awon da ake yi wa inji tsirara, babu salansa babu matatar iska, akwai kuma wanda ake yi masa da kayansa duka kamar yadda zai yi aiki. Ƙa'idar SAE J1995 ta na farko ce, SAE J1349 ta na biyu. Lambar farko kullum ta fi girma. In takarda ɗaya ta bi wannan, ɗaya ta bi waccan, kwatanta su kai tsaye kamar kwatanta buhun da aka auna da ƙaiƙayi ne da wanda aka sheƙe. Dubi ƙananan rubutun ƙasan shafi, nan ake ɓoye ƙa'idar.

Wani abu da zai ba makanikenmu mamaki: yawancin waɗannan injuna ba su da matatar iska sam. Babu ƙura a lokacin dusa, matatar kuma za ta jiƙe ta daskare ta toshe. Maimakon haka ana rufe kafireto da wani akwati da ke tara ɗumin injin. Injin da a can ya dace, da za a ciro shi a ɗora a kan famfon ruwa cikin ƙurar hunturunmu, zoben fistan ba zai daɗe ba. Man injin ma mai ruwa-ruwa ne, 5W-30, don ya gudana cikin sanyi.

Nisan jifa

Za ka ga an rubuta “har zuwa mita 12” ko “har zuwa mita 15”. Kalmar “har zuwa” ita ce abin lura: da busasshiyar dusa ce, babu iska, inji na cikakken gudu. Jiƙaƙƙiya ba za ta je ko kusa ba. Abin da mai saye zai auna shi ne nisan da ke tsakanin tsakiyar filinsa da inda zai tara dusar. In jifan bai kai ba, dusar za ta faɗo kan inda bai share ba, ya sake kwashe ta karo na biyu, kuma wadda aka taɓa jifa ta fi sabuwa nauyi. Mai siririyar hanya tsakanin gidaje biyu kuma ba nisa yake nema ba, bututun da ke juyawa da sauƙi yake nema, wanda zai saita da safar hannu mai kauri ba tare da ya tsaya ba.

Fetur ko batir

Na batir ba shi da hayaƙi, ba canjin mai, ba kafireton da tsohon fetur zai toshe bayan wata takwas a ajiye. Wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne: fetur mai gaurayen etanol da ya kwana a tanki tun bara shi ne sanadin da ya fi hana injin tashi a ranar dusar farko.

Amma a batir ma lambar da ke rubuce da manyan baƙaƙe ba ita ce ta aiki ba. Bolt kaɗai ba ya gaya maka daɗewa. Ninka bolt da amfiya-awa ka samu wat-awa. Kuma batir da aka rubuta wa 40 a matsayin ƙololuwa, ainihinsa 36 ne, domin ƙwayoyi goma ne masu bolt 3.6. In amfiya-awa 5 ne, wat-awa 180 ke ciki, ba 200 ba. Koma ga filinmu. Ba tan 1.8 gudun mita 19 a daƙiƙa yana cin kusan wat-awa 90. Tan 5.4 yana cin kusan 270, tun kafin a sa asara. Batir ɗin nan zai iya gama busasshiyar da ƙyar, a jiƙaƙƙiyar kuwa zai mutu a tsakiyar fili. Ƙari a kan haka, sanyi na rage wa batirin litiyam ƙarfi, kuma ba a cajinsa in ya yi ƙasa da sifiri, sai an shigo da shi ɗaki ya ɗumama. Wanda zai sayi na batir ya tambayi kuɗin batir na biyu tun a shago, domin wani lokaci shi ne kaso mai tsoka na kuɗin injin.

Ƙananan abubuwan da ba a sa wa manyan baƙaƙe

Taya ko sarƙa irin ta katafila? A fili mai gangare ko matattakala, sarƙa ta fi riƙo, sai dai ta fi tsada da wuyar juyawa. A shimfiɗaɗɗen wuri taya ta isa. Abin da ke sakin taya ɗaya lokacin kwana yana da daraja in injin ya haura kilo 100. Tayarwa da lantarki, inda ake jona waya a soket a danna maɓalli, ta cancanci kuɗinta ga wanda ya taɓa jan igiya da daskararrun yatsu. Fitila ma haka, domin a watan Disamba a can rana ba ta fitowa sai wajen ƙarfe takwas, mutane kuma kafin fita aiki suke shara. Hannu mai ɗumi daɗi ne, ba dole ba.

Wanda nake so mu tsaya a kansa shi ne notin kariya. Murɗin gaba yana haɗe da sandarsa da wasu notuna da aka ƙera da gangan su karye in murɗin ya ci karo da dutse ko daskararriyar jarida. Notin 'yan daloli ya karye don giyabos mai tsada ya tsira. Mu da muka saba ganin an ɗaura waya a gurbin fis mun san abin da zai biyo baya: mutum ya gaji da canji, ya sa noti mai tauri, karo na gaba haƙoran giya ne za su zube. Don haka cikin abubuwan kwatantawa har da wannan: ana samun notin a shagon kusa? Bel fa? Farantin robar da ke jan tayoyi, wanda ke cinyewa da aiki? Akwai mai gyara a garin da zai karɓi garanti? Injin da ya fi kowa lamba amma bel ɗinsa sai an jira mako uku, a tsakiyar Janairu ba shi da maraba da babu.

Yatsu da numfashi

A Amurka dubban mutane ne ke zuwa asibiti kowace shekara saboda wannan inji, kuma raunin da ya fi muni iri ɗaya ne. Jiƙaƙƙiyar dusa ta toshe bututu, mutum ya sa hannu ya zaƙulo, farfela ta juya. Ko an kashe injin ba a tsira ba, domin bel da sandar da suka maƙale suna riƙe da murɗi, da zarar toshiyar ta saki sai su ɗan juya, ɗan juyin nan kuwa ya isa cire yatsu. Shi ya sa ake haɗa injin da sandar zaƙulowa a jikinsa, da hannun da in ka saki komai zai tsaya cikin 'yan daƙiƙu. Duba su a kowane inji, musamman na hannu, inda wani zai iya ɗaure hannun da waya don kada ya gaji da riƙewa. Tayar da na fetur a rufaffen gareji kuma haɗarinsa ɗaya da kwana da janareta a ɗaki: iskar kabon monoksayid ba ta da wari ba ta da launi.

Ga aikin gida ga mai sha'awa. Wata mata a Winifeg tana da hanyar siminti mita 3 sau 10, shimfiɗaɗɗiya, garejinta ƙarami. Wani mutum a wajen Sen Jons yana da hanyar tsakuwa mita 4 sau 40 mai gangare, motar hukuma kuma tana bar masa tudu a ƙofa. A lissafa tan ɗin da kowannensu zai kwashe in dusa ta zuba santimita 25, a ɗauki kilo 80 ga ta farko, 300 ga na biyu. Sannan a zaɓa wa kowa mataki, faɗi, cc ko wat-awa, taya ko sarƙa, a rubuta dalilin kowane zaɓi a layi ɗaya. A miƙa amsa a ofishin ƙungiyar ɗalibai kafin fitowa ta gaba.